Takalmin Kambas da Ƙafar Tsoho a Ƙasar Wudil

Dagumawa gari ne daga cikin garuruwan ƙasar Wudil, tare da su Utai, da Darki, da Indabo, da Lajawa. Wudil kuwa tana bakin kogi, misalin mil 25 kudu maso gabas da birnin Kano, a kan hanyar da ta nufi Maiduguri. A zamanin En'e Makaman Kano, na gidan Jobawa, shi ke riƙe da gundumar. Abin da ya fi kai sunan Wudil nesa shi ne kasuwarta ta ran Jumma'a, musamman karar shanu, inda fatake ke sayen dabbobi suna lodawa zuwa Kudu.

In Jumma'a ta zagayo mutanen garuruwan nan sukan ɗunguma zuwa Wudil, wani da akuya, wani da hatsi, wani kuwa ba ya ɗauke da kome sai gaisuwa da son jin labari. Amma a kowace unguwa akan bar waɗansu a baya. Sai a tarad da dattijo zaune a zaure, idonsa na gani, hankalinsa garau, bakinsa da ƙarfi, amma ƙafa ta ƙi. Da fari kasuwa ya ke bari, sa'an nan zuwa suna da gaisuwar mutuwa a ƙauyen da ke kusa, daga bisani har masallacin unguwa ya zame masa tafiya. In an tambaye shi ya ce tsufa ne. Gaskiyarsa, amma wanda ya dubi ƙofar zauren ya ga abin da dattijon ke sawa a ƙafa, ya san tsufa ba shi kaɗai ya yi wannan aiki ba. Kafin a gane yadda ƙasar da ta yi suna wajen ɗinkin takalmi ta wayi gari tsofaffinta na wahalar samun na sawa, sai an koma baya tukuna.

Takalmi tsohon abu ne a ƙasar Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano ya lissafa abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa ya fara, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, a cikinsu har da kakaki, da figini, da takalmin gashin jimina. Takalmin nan har yanzu yana cikin kayan sarautar Kano. Rumfa ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi, inda dukawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna baje kolinsu, kuma a cikin birni akwai unguwa sukutum da a ke kira Dukawa.

Cikin watan Fabrairu na 1851, zamanin Sarkin Kano Usman ɗan Dabo, wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth, wanda ya ke kiran kansa Abdulkarim, ya sauka Kano. Mutum ne mai son ƙididdiga, kome ya gani a kasuwa sai ya tambayi kuɗinsa ya rubuta. A lissafinsa tufafin da a ke fitarwa daga Kano kowace shekara sun kai na wuri miliyan 300, takalma kuwa na wuri miliyan 10. Ya ce mafi kyawun takalmi, wanda a ke kira taka-saraki, wuri 200 ne kuɗinsa. To, in an raba miliyan 10 gida 200 za a sami takalmi 50,000, ko da a ce dukansu masu tsadar ne. Tun da ya ke yawancinsu ba su kai wannan kuɗi ba, adadin ya fi haka nesa. Duk da hannu aka ɗinka su, da basilla da wuƙar dukanci, raƙuma da jakuna suka kai su ƙasashe masu nisa.

Kayan aikin duka na gida ne. Mahauci ya feɗe, majemi ya karɓa ya jiƙa fatar cikin ruwan toka ya kankare gashi, sa'an nan ya jeme ta da bagaruwa. Jan launi daga karan dafi a ke samunsa. Ƙirgin sa shi ne tafin takalmi, fatar akuya kuwa ita ce maɗauri da ado. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi tana da fata mai laushi da ƙwari, wadda ayari ke haurawa da ita Sahara, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko don ta hannun mutanen can ta ke iso musu. Kasuwa irin ta Wudil, inda a ke tara dabbobi a kuma yanka, tana cikin wuraren da fata ke fitowa. Irin takalman ma da yawa. Akwai faɗe na yawon yau da kullum, da sambatsai masu ado, da kubutai, da kurufa na mahaya dawaki, da dangarafai na itace don taɓon damina, da huffi wanda malamai da dattawa ke sawa da sanyi.

Amma kada mai karatu ya ɗauka kowa na da takalmi a wancan zamani. Manomi da ɗan dako yawanci da ƙafa huɗu ba su san shi ba, balle da biyu. Wanda ya samu ma yakan rataya shi a sanda ya yi tafiyarsa, sai ya kusa shiga gari ya sa, don kada ya cinye. Tafin ƙafa ya yi kaushi kamar ƙirgi, matsefata tana rataye a wuya ko a ɗamara saboda ƙaya da tsidau. Da hunturu faso ya tsaga diddige har jini, a bi shi da man kaɗanya. Tsutsar ciki mai shan jini kuwa ta tafin ƙafa ta ke shiga, ko da ya ke a lokacin ba a san haka ba. Wanda ke yabon zamanin da, ya kamata ya haɗa da wannan a cikin yabonsa.

Duk da haka akwai abu guda da mutumin da ya fi na yanzu morewa. In dattijo na son takalmi sai ya tafi wurin baduku, ko ya aika a kira shi. Baduku ya shimfiɗa ƙirgi, dattijo ya taka, a zagaya ƙafarsa da alama, a yanka daidai ita. In babban yatsa ya karkace a bar masa fili, in ƙafar dama ta fi ta hagu a yi mata nata. Ko wanda aka saya ɗinkakke a kasuwa, tun da ya ke buɗaɗɗe ne, maɗauri kaɗai a ke sassautawa ko a tsuke, nan take a gaban mai saye. Watau a wancan zamani ƙafa ce ke gaba, takalmi na biye da ita.

Al'ada kuma ta sa hannu cikin siffarsa. Bahaushe yana tuɓe takalmi sau da yawa a yini: in zai yi alwala, in zai shiga masallaci, in zai hau tabarma, in zai gai da surukinsa ko malaminsa, balle a gaban hakimi. Saboda haka takalmin da ya karɓu a wurinsa shi ne wanda ƙafa ke zarewa daga ciki ba tare da hannu ya taɓa ba. Maganar tuɓe takalmi har siyasa ta shiga, gama bayan an kafa jam'iyyar NEPU a Kano cikin 1950 waɗansu samarinta sun riƙa ƙin tuɓe nasu a gaban masu sarauta, abin ya zama rigima. Wannan wani labari ne dabam.

Turawa suka ci Kano cikin 1903, reluwe ya iso 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗi suka shiga hannun manoma, kantuna suka cika da kayan Turai. Da motocin lodi suka yawaita sai wani mai dabara ya ga tsohuwar taya ta fi ƙirgi jimiri, aka shiga yanka ta ana yin takalmin taya. Manoma da makiyaya suka karɓe shi hannu biyu, don ƙaya ba ta huda shi, ga araha, sai dai nauyi da zafi. Sojan Nijeriya na farko yawancinsu ba takalmi su ke fareti, sai a Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, aka game su da but. Waɗanda suka komo daga Bama suka komo da ƙafar da ta saba da rufi.

Shi kuwa kambas daga nesa ya taso. Sunan nasa aro ne daga Turanci, asalinsa sunan wani yadi ne mai kauri wanda a ke yin tanti da filafilan jiragen ruwa da shi. Tafinsa na roba ne, roba kuwa ƙaron wata itaciya ce. Da fari ba ta da amfani sosai, don da zafi sai ta yi danƙo ta narke, da sanyi ta ƙage ta tsage. Cikin 1839 wani Ba'amurke, Charles Goodyear, ya gano in an dafa ta da farar wuta sai ta daidaita, ta bar narkewa da tsagewa. Ya sami takardar mallakar wannan dabara 1844, ya mutu 1860 da bashi a wuyansa, waɗansu suka ci moriyar wahalarsa. Daga nan masana'antun Ingila da Amurka suka shiga manna tafin roba a jikin yadi, suna yin takalmi marar nauyi na wasa da yawon bakin teku. A Amurka aka fito da mai suna Keds 1916, da Converse All Star 1917.

Amma mutumin da sunansa ya fi shiga bakin mutanen Kano ba Ba'ingilishi ba ne. Tomas Bata baduku ne ɗan baduku, a wani gari mai suna Zlin, cikin ƙasar da a ke kira Cek yanzu. Cikin 1894 shi da wansa da yarsa suka buɗe ɗan wurin ɗinkin takalmi. Shekara ɗaya tak bashi ya kusa rufe su, ba su da kuɗin sayen fata. Sai Tomas ya ce a ɗinka saman takalmin da yadi, a bar fata a tafi kaɗai. Takalmin ya zo da araha, talakawa suka yi rububinsa, har ya sayo injuna, ɗan shagon nan ya zama ɗaya daga cikin manyan kamfanonin takalma na duniya. Ya rasu 1932 a haɗarin jirgin sama. Cikin shekarun 1930 ɗin nan ne kamfaninsa ya fara ciniki a Ikko, daga baya ya kafa masana'anta can, kantunansa suka bazu har Arewa. Har yau a Kano akwai wurin da a ke kira Bata, kusa da kasuwar Sabon Gari, kuma da yawa cikin masu hawa mota su ce a sauke su Bata ba su san sunan wani baduku su ke ambata ba.

Ta ƙofar makaranta da bariki kambas ya shigo ƙasar Hausa. Shi ne takalmin motsa jiki na 'yan makarantar kwana, a wanke shi ran Asabar a shafa masa alli a shanya. Shi ne na 'yan ƙwallo da 'yan tsere. Da aka kafa bautar ƙasa cikin 1973 aka sa farin kambas cikin kayan da a ke raba wa masu yinta. Da aka buɗe ilmin firamare kyauta cikin 1976 makarantu suka cika ƙauyuka, yara masu neman takalmin makaranta suka ninka. Ta haka ne mutanen karkara suka san shi, a ƙafar yaro da ɗan wasa. Wannan shaida ta bi shi har yau, ita ce kuma ta sa dattijo mai rawani in an miƙa masa kambas ya kan dube shi ya kau da kai.

Takalmin masana'anta ya kawo araha, ya rufe ƙafafun da ba su taɓa rufuwa ba, wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Amma ya zo da wani baƙon abu, watau lamba. Inji ba ya ganin ƙafar kowa. An sassaƙa masa ƙafar itace ko ta ƙarfe, a kanta ya ke ɗinka dubbai. A lissafin Ingila tsakanin lamba da lamba sulusin inci ne. A lissafin Faransa, wanda ya ke shi ne 40 da 41 da 42 da aka saba ji a kasuwa, kashi biyu ne cikin uku na santimita. Lambar nan tsawo kaɗai ta ke faɗi, ba ruwanta da faɗin ƙafa ko tudunta, kuma 42 na wannan masana'anta ba lalle ya zo ɗaya da 42 na waccan ba. Sai al'amari ya juya, takalmi ya wuce gaba, aka bar ƙafa ta bi shi. Saurayi ya iya bi, gama ƙafarsa na jure matsi har takalmin ya saki. Tsoho ne abin ya fi ƙwara.

Daga 1986, da darajar Naira ta fara zubewa, masana'antun gida da yawa suka raunana. Kasuwa ta koma hannun silifa da takalman roba na zubi, da kayan Aba, da na ƙasar Sin, da gwanjon Turai wanda a ke kasawa a wurare irin su Ƙofar Wambai. Fata mai kyau kuwa manyan majemu na Calawa da Sharaɗa ke gyara ta a fitar da ita zuwa Italiya da Sifen, wata kuma a babbake ta a ci ganda. Baduku ya tarad da fata ta yi tsada, mai saye kuma ya saba da araha. Da yawansu suka koma gyara da ɗinkin takalman biki. Dattijon ƙauye ya rage da silifa, wadda jikansa ke sayo masa ran kasuwa.

A nan ya kamata a tsaya a dubi ƙafar kanta, gama likitoci sun bayyana abin da shekaru ke yi mata. Jijiyoyin da ke ɗaure da ƙasusuwanta sukan saki, sai ta baje, ta ƙara faɗi, wani lokaci har da tsawo. Mutumin da ya shekara 30 yana sa 42 sai ya ga ta matse shi, ya ce masana'anta sun rage mudu, alhali ƙafarsa ce ta ƙaru. Kitsen da Allah ya shimfiɗa a ƙarƙashin diddige da gindin yatsu kamar matashi yakan ragu, har mutum ya riƙa jin tsakuwa a ƙashinsa. Fata ta bushe, farce ya yi kauri, yatsu su tanƙware, sanyin ƙashi ya kama gaɓoɓi. Ga kumburi, wanda ke sa ƙafar la'asar ta fi ta asuba girma. Mafi haɗari duka shi ne mai ciwon sukari, don ciwon yakan kashe jin ƙafa. Ƙusa ko tsakuwa ta shiga takalminsa ya yini yana taka ta bai sani ba, gyambo ya buɗe ya ƙi warkewa, wani har a kai ga yanke ƙafar.

Silifa ba ta taimaki ƙafa irin wannan da kome ba sai sauƙin tuɓewa. Ba ta kama diddige, saboda haka dole yatsu su riƙa damƙe ta a kowane taki, tsoho ya koma jan ƙafa. In tafinta ya cinye ya yi sulɓi, ga daɓen siminti jiƙe a wurin alwala, sai santsi. Faɗuwar yaro abin dariya ce, amma ƙashin tsoho ba shi da ƙwari, in ƙugu ya karye sai kwanciya ta wata da watanni, ko a wurin maɗori ko a Asibitin Ƙashi na Dala wanda aka buɗe 1959, kuma ba kowa ke tashi ya koma yadda ya ke ba. Takalmin roba na zubi kuwa ba ya numfashi, ya tara gumi, ya yi zafi da rana, bakinsa ya goge fata har ta sale. Sau-ciki na fata mai tsini, irin na zuwa ɗaurin aure, kyaunsa a ido ne.

To, a nan ne kambas ya sami wani aiki wanda masu ƙago shi ba su nufa ba. Yadi yana bin siffar ƙafa, ya ba karkataccen yatsa wuri, abin da roba ba ta yi. Ba shi da nauyi, iska na ratsa shi, ana wanke shi da sabulu. Ya rufe yatsu daga tuntuɓe, ya kama diddige, tafinsa kuma in mai zane ne yana riƙe ƙasa. Cikin duk abin da inji ke ɗinkawa mai araha, shi ne ya fi kusa da aikin baduku na da, ko da ya ke bai kai shi ba.

Ba kowane kambas ba ne kuwa. Irin na 'yan makaranta tafinsa siriri ne shimfiɗaɗɗe, ba ya tare wa diddigen tsoho kome. Irin na samari waɗansu bakinsu a tsuke ya ke, waɗansu kuma tafin ya yi tudu da laushi ainun har mutum ya riƙa tangaɗi a kai. Na gwanjo ya riga ya ɗauki siffar ƙafar wani, ya cinye ta gefen da mai shi na fari ke takawa. Da damina yadi na shan ruwa ya daɗe bai bushe ba, in an sa shi da danshi ya yi wari ya kawo ƙaiƙayi tsakanin yatsu. Babbar ƙaya tana ratsa shi ta gefe, don haka ba takalmin shiga gona ba ne. Kunama kuma tana son duhunsa, wajibi ne a zazzage shi kowace safiya.

Babbar gardamar dattawa da shi ita ce igiya. Mutumin da bayansa ke ciwo ba zai sunkuya ya kwance ya ɗaura sau biyar a yini ba, ban da shiga zaure da fita. Ba a kuwa yin shafa a kansa a madadin wanke ƙafa, gama a fiƙihun Malikiyya huffin da a ke shafa a kai sai ya zama na fata, ɗinkakke, wanda ya rufe idon sawu. Saboda haka sai a ga tsoho ya take bayan takalmin ya mai da shi silifa, amfanin da a ke nema ya tafi. Maganin wannan ya riga ya samu. Akwai kambas marar igiya, mai ɗan roba a gefe biyu wanda ke buɗewa ya koma. Akwai kuma mai maɗauri na mannawa, wanda labarinsa zai ba manomi dariya. Cikin 1941 wani injiniya na ƙasar Suwizalan, George de Mestral, ya komo daga daji ya ga 'ya'yan wata ciyawa sun manne wa wandonsa da gashin karensa. Ya duba su a madubin likita ya ga ƙananan ƙugiyoyi ne, ya yi shekaru yana kwaikwayonsu da zare, har ya sami takardar mallaka 1955, aka sa wa abin suna Velcro. Ashe abin da ƙarangiya ke yi wa mutanen ƙasar nan tun kaka da kakanni, shi wani ya mayar dukiya. Maɗaurin nan hannu ɗaya ke buɗe shi, ana kuma sassauta shi in ƙafa ta kumbura da yamma.

Saura maganar girma, wadda ta fi ta igiya wuya. Dattijo yana gudun a ce ya sa takalmin yara a ƙarƙashin babbar riga. Abin lura shi ne mata sun riga maza sakin wannan ra'ayi. Akwai tsofaffin mata da dama waɗanda a hanyar Makka suka fara sa kambas, don tafiyar Mina da jifa doguwa ce, mace kuwa an yarje mata rufe ƙafa cikin harami, ba kamar namiji ba. In Hajiya ta komo ta ga ƙafarta lafiya, sai ta ci gaba da sa abinta zuwa asibiti da biki, ba mai cewa uffan. Ga maza kuma launi na rage kunya, gama baƙi ko ruwan ƙasa marar zane ba ya jan ido kamar fari mai rubuce-rubuce. Takalmin gashin jimina an yi shi ne don wanda doki ke ɗauka. Mai tafiya da ƙafarsa zuwa sallar asuba bukatarsa dabam ce.

Yadda a ke sayen ma da gyara. Al'adar ƙauye ita ce a karya kara ko a yanki igiya daidai tsawon ƙafar tsoho, a ba yaro ya tafi da shi kasuwa. Karan nan kuskurensa ɗaya da na lamba, tsawo kaɗai ya sani. In da hali, gara a ɗauki dattijon a kai shi Wudil da kansa, a bari sai bayan an sauko daga Jumma'a, lokacin da ƙafa ta gama kumburinta. Ya gwada duka biyu a tsaye, da safar da zai riƙa sawa, a saya daidai ƙafar da ta fi girma. A bar fili misalin faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi. A lanƙwasa shi a gani, ya kamata ya tanƙwaru a gindin yatsu kaɗai, wanda ya naɗe kamar tabarma a ajiye shi. A matsa bayansa a ji da ƙarfi, a zura hannu ciki a laluba ko akwai ɗinki mai kaifi. Mai kaya zai ce a tafi da shi zai saki, amma wanda ya matsa a rumfa zai matsa a hanya.

In kuwa dattijon ba ya iya zuwa, sai a koma ga dabarar dukawa. A shimfiɗa takarda a ƙasa da yamma, ya taka a tsaye, wanda ya iya riƙe fensir ya zagaya kowace ƙafa, a yanke siffar da almakashi. Yaro ya tafi da takardun biyu kasuwa ya zura su cikin takalmin, in gefen takarda ya naɗe, to, takalmin ya yi kaɗan. Bayan an saya a biya ta rumfar baduku. Har yanzu suna nan a kasuwannin ƙasar Wudil, da basillarsu da zarensu. Shi zai yanka soso ko fata mai laushi ya shimfiɗa a ciki saboda diddige, ya zare igiya ya sa roba a madadinta, in kuma akwai yatsan da ya karkace ya jiƙa wurin ya cusa itace ya kwana, yadin ya buɗe daidai shi.